Finafinan Leƙen Asiri na Zamanin Yaƙin Hitila da Hanyar Kano zuwa Damagaram

Fim ɗin leƙen asiri na lokacin yaƙi reshe ne daga cikin finafinan fargaba, wato finafinan da ake tsara su domin mai kallo ya zauna zuciyarsa na dukan uku-uku tun daga buɗewa har rufewa. Abin da ya raba shi da fim ɗin yaƙi zalla shi ne wurin da ake yanke hukunci a cikinsa, domin shi fim ɗin yaƙi yana kai mutum fagen daga ne ya nuna masa igwa da tankoki, shi kuwa wannan yana shigar da shi ɗakin otal, ko taragon jirgin ƙasa, ko gaban teburin wani jami'i da ke jujjuya takardun matafiyi a bakin iyaka. Jarumin irin wannan fim mutum ne da ya ɓad da kama, yana yawo da sunan da ba nasa ba a tsakiyar mutanen da za su harbe shi da zarar asirinsa ya tonu, kuma babban makaminsa shi ne iya bakinsa da riƙe fuskarsa. Wannan reshe ya yi tashe ne daga tsakiyar shekarun 1930 zuwa ƙarshen shekarun 1960, galibi a masana'antun fim na Ingila da Amurka, kuma mafi yawan labaransa an ɗebo su daga Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka gwabza daga 1939 zuwa 1945, wanda dattawan ƙasar Kano suka fi sani da yaƙin Hitila.

Mai karatu zai iya hango tazara mai yawa tsakanin waɗannan tsofaffin finafinai, da yawansu masu hoto baƙi da fari, da ƙauyukan arewacin Kano, irin na ƙasar Dambatta da Makoɗa da Bichi da Kunchi da Tsanyawa da Minjibir da Dawakin Tofa, amma tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Wannan yanki ne mai cunkoson jama'a, wanda masana irin su Michael Mortimore suka yi ta nazarinsa tun shekarun 1960 saboda yadda ake noma gona ɗaya kowace damina ba a bar ta ta huta ba, ana ciyar da ita da takin gida da jakuna ke kaiwa a mangala, har ya zama da wuya a sami dajin da ba shi da mai shi tsakanin wannan ƙauye da na gaba. A irin wannan wuri sanin mutum ya haɗa da sanin ubansa da kakansa da iyakar gonarsu, baƙo kuwa idan ya sauka al'ada ce a kai shi gaban mai unguwa, a ji inda ya fito da wanda ya zo wurinsa. Saboda haka labarin mutumin da ya zauna cikin jama'a wata da watanni, ana ci da shi ana sha da shi, alhali har sunansa ma na aro ne, labari ne da ke taɓa ginshiƙin zaman karkara, wato amana. Bayan wannan kuma akwai tarihi, domin hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Dambatta da Kazaure da Daura, ta tsallaka iyaka a Kwangwalam ta nufi Damagaram, ta taɓa zama hanyar da ke haɗa ɓangarori biyu masu gaba da juna a cikin wancan yaƙi, kamar yadda bayani zai zo.

Wanda ya aza harsashin wannan fanni shi ne Alfred Hitchcock, daraktan nan ɗan Ingila, musamman a fim ɗinsa The 39 Steps na 1935, wanda ya samo daga littafin John Buchan na 1915. Labarin wani mutum ne da ba ruwansa da siyasa, aka kashe wata 'yar leƙen asiri a ɗakinsa, ya wayi gari 'yan sanda na nemansa da laifin kisa, 'yan leƙen asirin abokan gaba kuma na nemansa domin su rufe bakinsa. Hitchcock ya yi ta bayyana cewa razana daban, fargaba daban. Idan mutum biyu na hira sai bom ya tashi ba zato, mai kallo zai razana na ɗan ƙiftawar ido ne kawai, amma idan aka fara nuna masa bom ɗin a ƙarƙashin tebur tare da agogon da ke tafiya, su kuwa masu hirar ba su sani ba, to kowace kalma da suka furta, ko da maganar banza ce, ta zama azaba a gare shi. Sirrin fim ɗin leƙen asiri ke nan: ana ba mai kallo sanin da wasu daga cikin mutanen labarin ba su da shi, sai ya zama shi ma yana ɗauke da asiri, yana son ya yi magana ba hali. Abin da ake rububi a kansa kuwa, ko taswira ce ko zanen injin jirgin sama ko jerin sunaye, sau da yawa ba shi da wani muhimmanci ga mai kallo, amfaninsa kawai ya sa mutane gudu da ƙarya da cin amanar juna.

Bayan yaƙin ya ƙare, sai aka fara buɗe wasu daga cikin asirai, finafinan kuma suka koma ɗebo labari daga abin da ya faru da gaske, kuma a nan ne fannin ya kai ƙololuwarsa. Misali mafi kyau shi ne The Man Who Never Was na 1956, wanda ma'anar sunansa ita ce mutumin da ba a taɓa yin sa ba. A farkon 1943 sojojin ƙawance, wato Birtaniya da Amurka da masu mara musu baya, suna shirin tsallakawa daga arewacin Afirka zuwa tsibirin Sisili na Italiya, kuma duk wanda ya dubi taswira ya san nan ne za su faɗa. Sai wasu jami'an Birtaniya, ƙarƙashin wani lauya mai suna Ewen Montagu da ke aiki da sashen asiri na sojan ruwa, suka sami gawar wani mutum, suka sa mata kakin soja, suka ƙaga mata suna Manjo William Martin, suka ɗaura mata jaka mai ɗauke da wasiƙun manyan hafsoshi da ke nuna cewa Girka da Sardiniya za a kai wa hari. A ranar 30 ga Afrilu, 1943, wani jirgin ruwa mai nutso ya saki gawar a kusa da garin Huelva na ƙasar Sifen, inda aka san Jamusawa na da kunnuwa, wani masunci ya tsince ta, takardun suka bi hannu-hannu har hotunansu suka isa Jamus. Da aka sauka Sisili a watan Yuli, Jamusawa sun riga sun karkatar da wani ɓangare na ƙarfinsu zuwa Girka.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a fim ɗin shi ne lokacin da ake cika aljihun gawar. An sa hoton budurwa da wasiƙunta na soyayya, da rasit ɗin zoben baiko, da guntayen tikitin gidan wasa, da wasiƙar uba mai faɗa, da takardar banki da ke tuna masa ya ci bashi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tarkace an yi zaman shawara a kansa, domin jami'an sun gane cewa babbar ƙarya ba ta tsayawa sai an tokare ta da ƙananan abubuwa masu kama da gaskiya, kuma abokin gaba ya fi yarda da abin da yake ganin shi ne ya gano da wayonsa. Sai dai akwai abin da fim ɗin ya lulluɓe, wanda bai kamata a wuce shi ba. Sai a 1996 aka bayyana cewa gawar ta wani matalauci ce ɗan yankin Wales mai suna Glyndwr Michael, wanda ba shi da matsuguni, ya mutu a Landan ba mai nemansa. Ga al'ummar da ke gaggauta suturta mamaci, ta kuma ɗauki mutuncin gawa daidai da mutuncin mai rai, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma daɗin dabarar bai isa ya wanke cewa rashin gatan mutumin ne ya sa aka zaɓe shi ba.

Fim ɗin 5 Fingers na 1952, wanda James Mason ya ja ragamarsa, ya juya madubin ne ta ɗaya gefen. An gina shi a kan labarin Elyesa Bazna, wanda ya yi aikin boyi a gidan jakadan Birtaniya a Ankara ta ƙasar Turkiyya, inda daga ƙarshen 1943 zuwa farkon 1944 ya riƙa buɗe akwatin sirrin maigidansa yana ɗaukar hoton takardu yana sayar wa Jamusawa, su kuma suka laƙaba masa sunan ɓoye Cicero. An biya shi kimanin fam 300,000, mafi yawansu jabu, waɗanda fursunoni suka buga bisa tilas a wani sansanin Jamus, kuma manyan Berlin ba su amfana da takardun yadda ya kamata ba saboda suna zargin tarko ne aka ɗana musu. Ma'aunin da fim ɗin ya hau kansa shi ne raini: maigida ba ya ganin mai goge masa takalmi a matsayin mutum mai ido da kunne, balle mai lissafi. Duk wanda ya san tarihin kuku da boyi da masinja a gidajen Turawan mulki na Nasarawa a Kano ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan.

Akwai kuma jerin finafinan da suka ɗauko labarin matan da hukumar ayyukan ɓoye ta Birtaniya, wadda aka kafa a watan Yulin 1940 domin yin zagon ƙasa a ƙasashen da Jamus ta mamaye, ta riƙa jefawa cikin Faransa, irin su Odette na 1950 da Carve Her Name with Pride na 1958. Wadda aka daɗe ba a ba ta haƙƙinta a allon fim ba ita ce Nur Inayat Khan, 'yar wani malamin Sufaye ɗan asalin Indiya, wadda aka sauke ta Faransa a watan Yunin 1943 a matsayin mai aika saƙo ta na'urar rediyo, aikin da ya fi kowane haɗari domin Jamusawa na da motocin da ke bin sawun sigina har ƙofar gida. Tana tura saƙonninta ne cikin rubutun sirri, wato sauya haruffa bisa wata ƙa'ida da mai aikawa da mai karɓa kaɗai suka sani. An ci amanarta aka kama ta a watan Oktoba, ta sha tsarewa cikin mari, ba ta ba da sunan kowa ba, aka harbe ta a sansanin Dachau a watan Satumban 1944. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma labarinta ya fi na jarumai da yawa da ake nunawa suna harbi da hannu biyu. Su finafinan ƙarshen zamanin, irin su Where Eagles Dare na 1968, sun fi karkata ga ruwan harsashi da fashe-fashe, suna da daɗin kallo amma sun yi nesa da abin da ya ba fannin daraja.

Idan aka nemi dalilin da zai sa Bahaushe ya ji irin wannan labari a jikinsa, ba sai an je nesa ba, domin adabinsa ya daɗe yana girmama wayo a kan ƙarfi. Gizo na tatsuniya ba ya kayar da kura ko zaki da ƙwanji, kuma a littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, gadar labarin duka ta tsaya ne a kan wazirin da ya haɗa baki da abokan gaba bayan sarki ya fita yaƙi, da akun da ya warware tuggun da baki kawai. A rundunonin sarakunan Hausa akwai magewaya, wato waɗanda ake turawa su gewaya su gano yawan abokan gaba da inda suka yi sansani, kuma karin maganar nan da ke cewa yaƙi ɗan zamba ne kowa ya san ta. A darasin sira ma, almajiri yana jin yadda a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Huzaifa ɗan Yaman cikin dare mai sanyi da iska ya shiga sansanin Ƙuraishawa ya jiyo abin da suke ciki, da yadda Nu'aimu ɗan Mas'ud ya ɓoye musuluntarsa ya raba kan rundunonin taron dangi.

Amma wannan sana'a fuska biyu gare ta, kuma mutanen Kano sun ga ɗaya fuskar da idonsu. Addinin da ya halatta leƙen asirin abokin gaba a lokacin yaƙi shi ne ya haramta bin diddigin asirin ɗan'uwa a Suratul Hujurat. Kafin dakarun Birtaniya ƙarƙashin Kanar Morland su shiga Kano a ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Turawa sun riga sun tara labarin birnin da ganuwarsa da halin da fadar Sarki Alu ke ciki ta bakin 'yan ƙasa da suke aika, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Adamu Jakada, wanda ya yi wa kamfanin Neja aiki sannan ya yi wa gwamnatin Lugga. A yau kuma, a garuruwan da ke maƙwabtaka da jihar Katsina, kalmar infoma, wato wanda ke zaune cikin jama'a yana tsegunta wa 'yan bindiga wanda ya sayar da shanu ko ya kwashe amfanin gona, ta zama kalmar da ke hana barci, kuma ta tabbatar da cewa da ɗan gari akan ci gari. Mutumin da ke tafa wa jarumin da ya yaudari Jamusawa a allo shi ne zai la'anci mai irin wannan aiki a unguwarsu, kuma babu tufka da warwara a cikin hakan, domin abin da ake aunawa shi ne amanar wa aka ci, kuma domin wa. Finafinan da suka fi inganci a fannin su ne waɗanda ba su ɓoye wannan nauyi ba, suka nuna ɗan leƙen asiri a matsayin mutumin da ƙaryar da yake yi take cin sa shi ma.

A nan ne ya dace a koma kan hanyar Damagaram. Lokacin da Faransa ta faɗi a hannun Jamus a watan Yunin 1940, aka kafa gwamnatin Marshal Petain a garin Vichy, wadda ta yi sulhu da Hitila, shi kuwa Janar Digol ya tsere Landan ya ce a ci gaba da yaƙi. Ƙasashen da Faransa ke mulka a Afirka suka rabu biyu: Chadi, ƙarƙashin gwamnanta baƙar fata Félix Éboué, ta bi Digol a ranar 26 ga Agusta, 1940, amma Nijar da sauran yammacin Afirka, ƙarƙashin Pierre Boisson da ke Dakar, suka tsaya tare da Vichy har zuwa watan Nuwamban 1942. Ma'anar wannan ita ce, sama da shekara biyu, Daura da Magarya, ko Katsina da Maraɗi, suna ƙarƙashin gwamnatoci biyu masu hararar juna, an taƙaita ciniki a hukumance, yadi ya yi wuya a ɓangaren Faransa, fasa-ƙwauri ya bunƙasa, masu gudun aikin tilas da haraji suna tsallakowa kudu. Kowane ɓangare yana son sanin yawan sojan ɗaya da abin da yake ƙullawa, kuma a iyakar da harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, Bature ba shi da hanyar jin labari sai ta bakin fatake da 'yan koli da madugai da masu ziyarar 'yan'uwa. Shahararren fim ɗin nan Casablanca, wanda Humphrey Bogart da Ingrid Bergman suka fito a ciki, wanda duk rikicinsa a kan takardun izinin fita ne daga Maroko, yana nuna rayuwa ce a ƙarƙashin wannan gwamnati ta Vichy da ke mulkin Damagaram, kuma an fara nuna shi a New York a watan Nuwamban 1942, watan da Boisson ya sauya sheƙa.

Kano kanta tana da abin da ya cancanci a leƙa. Da Italiya ta shiga yaƙi, tekun Bahar Rum ya zama haɗari, sai Birtaniya ta koma kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, su taso ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, su ratsa Sudan har Masar. An fara wannan jigila a watan Satumban 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 kimanin jirage 5,000 sun bi ta wannan hanya, abin da ya mai da filin jirgin Kano ɗaya daga cikin jijiyoyin yaƙin hamadar arewacin Afirka. Jamusawa sun san da haka, domin a watan Janairun 1942 wani jirginsu guda ɗaya ya keto Sahara daga Libiya, bisa shirin Theo Blaich, wanda ya taɓa zama mai gandu a Kamaru, ya jefa bama-bamai a ma'ajiyar man jirage ta Fort Lamy. A cikin watan nan dai, wasu 'yan ƙundumbalar Birtaniya suka tashi daga Legas da jiragen ja biyu da Gwamnan Nijeriya Bourdillon ya ba su, suka shiga tashar tsibirin Fernando Po cikin dare, bayan an gayyace hafsoshin jiragen abokan gaba zuwa liyafa a tudu, suka janye wani babban jirgin Italiya da ƙananan jiragen Jamus biyu ba tare da an kashe kowa ba. An mai da wannan labari fim a 2024, aka cika shi da gawarwakin da babu su a tarihi. Ko Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, da ya bar Kano a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya aikin leƙen asiri ya yi wa Birtaniya a Turai.

Manomin Bichi ko Dambatta na wancan zamani bai ga yaƙin ta irin waɗannan finafinai ba. Sinima ta birni ce, tun daga Rex da aka buɗe a 1937 a wajen ganuwa, kuma malamai da iyaye sun daɗe suna ƙyamarta, ƙyamar da gobarar sinimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rai fiye da 300, ta ƙara wa ƙarfi. Abin da ya isa ƙauye shi ne majigi, wato sinimar tafi-da-gidanka ta hukuma, wadda sashen finafinan mulkin mallaka da aka kafa a Landan a 1939 ke samar wa kayan nuni. Mota takan iso da la'asar ta tsaya a ƙofar gidan hakimi, a kafa farin allo, a jira duhu ya yi sannan a tayar da inji, yara a zaune a ƙasa a gaba, manya a tsaye a baya, hakimi da mutanensa a kan kujeru, wani ma'aikaci riƙe da lasifika yana fassara abin da ke gudana da Hausa. Abin da ake nunawa labarun yaƙi ne da faretin soja da wa'azin tsafta da na noman gyaɗa, wadda Birtaniya ke matuƙar buƙata domin mai, kuma manufar ita ce a samu sojoji da amfanin gona da biyayya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, ita ma ta ɗauki kaso mai yawa na wannan aiki.

Jikokin waɗancan finafinai su ne suka iso karkara daga baya, ta kaset ɗin bidiyo, sannan faifai, sannan gidan kallo mai janareto da benci, yanzu kuma ta wayar hannu da ake kai wa masu tura finafinai a kasuwa. James Bond, wanda ya fara bayyana a allon sinima a 1962, ƙirƙirar Ian Fleming ne, wanda ya yi aiki a sashen asiri na sojan ruwan Birtaniya a lokacin yaƙin. Indiyawa ma sun ɗauki salon tun finafinai irin su Aankhen na 1968, har zuwa Raazi na 2018, labarin wata budurwa da aka aurar cikin gidan hafsan Pakistan domin ta riƙa aiko da asiri gab da yaƙin 1971, kuma fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa, wadda kamfanoni irin su Algaita suka yi fice a kanta, ta ci gaba da aikin da mai lasifikar majigi ya fara. Matashin da ke kallon waɗannan a gindin bishiya bayan an tashi daga gona yana cin gajiyar dabarun Hitchcock ne ko bai taɓa jin sunansa ba.

Babban giɓin tsofaffin finafinan shi ne Afirka ba ta da baki a cikinsu. A Casablanca, wanda aka ce a Maroko yake faruwa, 'yan ƙasar ba su wuce masu talla da masu wucewa ba, baƙar fatar da ke da suna a ciki kuwa makaɗi ne ɗan Amurka. Ba a ga dubban 'yan Arewa da suka tafi Bama, ƙasar da ake kira Myanmar yanzu, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta yammacin Afirka ba, alhali bataliyoyi uku na sojan Nijeriya suna cikin dakarun da aka sauke a bayan layin Japanawa a 1944, kuma Hausa ce harshen bariki. Ba a ga falken da ya tsallaka iyaka da jakunansa yana ƙirga motocin soja a zuci ba, ba a ga matar da danginta ke Magarya mijinta ke Ɓaɓura ba. Masana'antar Kannywood, wadda ake ƙirga farkonta daga Turmin Danya na 1990, ta fi ba da ƙarfi ga soyayya da rikicin gidan aure, alhali wannan fanni na cikin mafi sauƙin kuɗi, domin ba ya buƙatar tankoki ko jirage, abin da yake buƙata shi ne zaure da kasuwa da shingen kan iyaka da marubucin da ya iya riƙe asiri har lokacin da ya dace.

Rahotannin jami'an lardin Kano na shekarun yaƙin suna ajiye a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, akwai kuma Gidan Arewa a can, da hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa. Yaron da yake da shekara 10 a 1942, wanda ya zauna a gaban allon majigi ko ya ga jirage na wucewa ta saman gonarsu, yau ya haura shekara 90. Ya kamata marubutan fim da ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero, da duk mai karatun da ke da irin wannan dattijo a gidansu, su zauna da shi da wayar ɗaukar murya tun yana iya ba da labari.